Sallama a Ƙofar Gidana

Mabuɗi uku na miƙa wa Nomau dillali.
Ya juya su a tafin hannu kamar mai tayin albasa,
ya ce, "Malam Attahiru, ɗakin da ba numfashi gara ke gadonsa.
Sa shi haya."

Gidan nan na Gyaben Zogi na san kuɗin kowane bulo.
Rani tara ina tallar agogo a Abijan,
rana ta gasa ƙeya, ruwa ya jiƙa kwali,
in dawo Tawa in ɗora layi biyu in koma.
Kwanon ɗakin tsakiya kuwa, Rakiya ce ta sayar da tunkiya.

Yanzu gwiwa ta ƙi, yara sun ce mu koma Yamai,
kusa da su, kusa da likita.
Na bi su da ƙafa, ban bi su da zuciya.

Wanda ya shiga malamin lakkol ne, Saini, daga Doso.
Hausarsa na tuntuɓe, gaisuwarsa ba ta faɗuwa.
Muka rubuta: jikka talatin duk wata,
abansin wata biyu, kuran da ruwa shi zai biya.
Na so a ƙara cewa kada a taɓa lemun tsakar gida,
an dasa shi ran sunan Zali.
Nomau ya ce, "Haba Malam, wa ke sa itace a takarda?"
Na sa hannu suna dariya.

Bayan wata uku na hau bas na zo.
Na ɗora hannu kan ƙofa zan tura kamar kullum,
sai hannun ya tuna abin da kai ya manta.
Na ja da baya.
Shekara ashirin da shida ban taɓa jiran izini a nan ba.
Na yi sallama. Wata murya ta ce, "Wane ne?"
Mai gida zan ce, ko baƙo?
Na ce, "Ni ne, mai karɓar haya."

An shafe bango da shuɗi.
Zanen gawayin da muke auna tsawon yara ya nutse a ƙarƙashi.
Randa ta koma kudu, babur na kwance inda nake alwala.
Aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi,
aka kawo mini ruwan famfona a kofin wasu,
na sha, na yi godiya.

Saini ya ce, "Baba, ɗakin tsakiya yana zuba."
Na sani. Kusurwar gabas, daidai kan taga.
Damina shida Rakiya na tara roba a wurin,
damina shida ina cewa sai an sayar da wake.
Na ji bakina ya ce, "Gobe magini zai zo."
Kuma ya zo.
Abin da mata ta roƙa shekara shida
baƙo ya samu a kwana ɗaya.

Ya miƙo kuɗin a ninke, na sa aljihu ban duba ba,
sai a bayan masallaci na ƙirga, kamar ɓarawo.
Sun cika. Kunyar ce ba ta ragu ba ko ɗaya.

Ina shirin tafiya ɗiyarsa ta biyo ni da leda,
lemu bakwai, biyu da ganye.
A bayanta, jikin shuɗin bango, na hango sabon zanen gawayi,
layi guda, iya kanta.
Ban ce a goge ba. Na kama hanya.

A Yamai na ajiye kuɗin gaban Rakiya, ba ta kalle su ba.
Ledar ta buɗe, ta yanka guda, ta shinshina, ta lasa,
ta yamutsa fuska, ta ce, "Suna ba shi ruwa."
Can ta ce, "An gyara zubar?"
Na ce an gyara.
Ta dube ni tsawon lokaci,
sannan ta matse sauran a miya.